Shafen hana ƙyalli a tsohon gilashin kyamara: inda ake yawan kuskure

Kuskuren da na fi ji a bakin matasan masu hoto a Bauchi shi ne ɗaukar wannan shafe kamar wani ruwa na kwalba da za a ɗiga a goga. Launin shuɗi ko shunayya da kake gani a fuskar gilashi sinadari ne, galibi magnesium fluoride, da ake mayarwa tururi cikin injin da aka zuƙe iskarsa ƙaf, ya sauka a kan gilashin da kaurin nanomita 100 ko kusa, wato kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita. Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya fito da dabarar a 1935. Gilashi tsirara yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na haske a kowace fuska, shafe ɗaya ya sauke shi ƙasa da kashi 2. Duk wanda ya ce zai yi maka wannan a benci, riƙe kuɗinka.

Ɓarnar da ta fi yawa kuwa da hannunmu muke yin ta, musamman da hunturu. Ƙurar nan yashi ce mai laushi. Ka sa bakin riga ka murza, ka yi wa gilashin kaciya da kanka. Shafen wasu gilasan shekarun 1940 da 1950 ba shi da ƙwari. Fara da hura iska, sai buroshi mai taushi, sannan ɗigo ɗaya na ruwan goge gilashi a kan ƙyalle, ba a kan gilashin ba, daga tsakiya zuwa baki. Man goge haƙori da wasu ke rantsuwa da shi kankare shafen yake yi, shi ya sa gilashin ke "haske" bayansa.

Da damina sai fumfuna. A cusa kyamara cikin jakar fata a jefa ƙasan akwati har Satumba, a buɗe a tarar da zare-zare kamar saƙar gizo. In fumfunar ta daɗe, cin shafen take yi, tabon ba ya fita. Ajiye kyamarar inda iska da haske ke shiga, tare da 'yan ƙunshin shanye danshi irin na kwalin takalmi.

In tsohon gilashinka ƙirar Japan mai suna Super-Takumar 50mm f/1.4 ya yi rawaya, kada ka zargi shafe. Sinadarin thorium da ke cikin gilashin ne, kuma hasken rana na wasu makonni yana wanke shi. Sai dai a naɗe jikinsa da takardar alminiyam, don zafin Afrilu a nan yana narkar da maiƙon ciki.

Sabon shafe fa? Sai an warware gilasan, an raba waɗanda aka manne, an kankare tsohon, kuma kankarar na iya taɓa lanƙwasar gilashin. Kuɗin aikin ya ninka farashin tsohon gilashi irin Helios-44 ƙirar Tarayyar Soviet. Ni dai hular inuwa, wadda ake ɗaurawa a bakin gilashi don tare haske, nake sa wa nawa, in juya wa rana baya ranar hawan sallah.