Yadda ake neman tallafin bincike a kan cututtukan gado da ba a cika gani ba

Kwanaki wani ƙanena a wurin aiki, likitan yara ne, ya shigo min da fayil uku a hannu wai Yaya don Allah duba min nan. Gida ɗaya ne, yara uku duk maza, sun fara tafiya lafiya lau sai wajen shekara huɗu biyar suka fara yawan faɗuwa, in za su tashi daga ƙasa sai sun dafa gwiwa sun bi cinyarsu da hannu, ga sharaɓarsu ta yi kauri kamar ta 'yan ƙwallo alhali ba ƙarfi a ciki. Duk wanda ya yi karatun likita ya san inda zancen ya dosa, ciwon Duchenne, wato ciwon gado da ke cinye ƙarfin tsoka, galibi a yara maza. Yana so ya yi bincike a kai amma ko kuɗin gwajin mutum ɗaya ba shi da shi, kuma bai san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa ba. Abin da na faɗa masa ranar shi zan maimaita a nan.

Da farko ka san me masu kuɗin suke nufi in sun ce cuta ba a cika ganinta ba, don ba da ka suke faɗa ba, ma'auni gare su. A Tarayyar Turai cutar da ba ta kama fiye da mutum 1 cikin 2,000 ba ce, a Amurka kuma wadda masu ita ba su kai 200,000 ba a ƙasar, haka dokarsu ta 1983 ta ce. Shi ya sa sikila a can tana cikin wannan sahu, mu kuwa a nan ko a layinku ka leƙa sai ka samu mai ita, Najeriya ce ma kan gaba a duniya. To kar ka rubuta wa TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, cewa sikila baƙuwar cuta ce, dariya za su yi maka. Ka shiga Orphanet da OMIM, rumbunan bayanan irin waɗannan cututtuka, duk kyauta ne a intanet, ka nemo cutar da lambarta da ƙwayar halittar da ke jawo ta, ka ga abin da aka riga aka sani. Cututtukan nan sun haura 6,000 kuma kusan kashi 70 cikin 100 na gado ne, ba wanda zai ba ka kuɗi ka bincike su gaba ɗaya, ɗaya za ka kama.

Kuskuren da na fi gani, ni ma na yi shi a karon farko, shi ne mutum ya cika shafi biyu da ban tausayi. Yara na wahala, iyaye ba su da hali, gwamnati ta yi ko oho. Duk gaskiya ne amma mai duba takardar ya karanta irin wannan sau talatin kafin ya zo kan taka, kuma ba sadaka aka ba shi ya raba ba. Tambaya yake nema, ƙarama mai baki, wadda za a iya amsawa da kuɗin da ka roƙa a cikin lokacin da ka ɗiba. Na ce wa ƙanen nan nawa kar ka rubuta "nazarin Duchenne a Arewa", ka rubuta cewa za ka gano irin gurbin da ke cikin ƙwayar distirofin, ƙwayar halittar da matsalarta ke jawo ciwon, a yaran da ke zuwa asibitinku, sannan ka auna shekara nawa ake ɗauka tsakanin ranar da uwa ta fara lura da ranar da aka faɗa mata sunan ciwon. Ka ga wannan ana iya lissafa shi, ana iya sa masa kuɗi.

Kuma abin da ke hannunka wanda babban farfesa a Landan ba shi da shi, iyalan ne. Na'ura suna da ita har ta yi musu yawa. Mutanen ne ba su da su, don a manyan binciken ƙwayoyin halitta na duniya masu asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin 100 ba, alhali mu muka fi kowa bambancin DNA. Ga mu da gidaje masu 'ya'ya goma sha, ga kaka da kakan kaka a raye ana iya tambayarsu tarihi, ga auren zumunci, wanda yake sa cututtukan da sai uwa da uba duk suna ɗauke da su su fito fili, kowane ciki kashi 1 cikin 4. Da irin wannan Guida Landouré ya gina aikinsa a Bamako a kan cututtukan jijiya na gado ƙarƙashin H3Africa, shirin binciken ƙwayoyin halittar 'yan Afirka, haka su Ambroise Wonkam a kan kurumtar gado a Kamaru. Saboda haka tun kafin ka ga tallar wani tallafi ka buɗe rajista, ko da a Excel ne, ka dinga zana bishiyar iyali ta zuriya uku, ka rubuta alamomin ciwo da kalmomin HPO, jerin sunayen alamomin ciwo da aka daidaita, don duk duniya a gane abin da kake nufi. Iyali goma sha biyar da ka rubuta da kyau sun fi alkawarin ɗari biyu da ba ka gani ba.

Sai maganar inda kuɗin yake. In kana koyarwa a jami'ar gwamnati fara da gida, TETFund na da ƙaramin tallafi na IBR da ake bi ta ofishin bincike na makarantarku, da babba na NRF wanda ake fara tura gajeren bayani, in ya tsallake a ce ka kawo cikakke. Wasu na raina IBR wai kuɗin ba yawa, ni kuwa ina ganin da shi za ka samu sakamakon farko da za ka nuna wa na waje. A waje akwai Wellcome ta Ingila, tana da na masu tasowa da na waɗanda suka ɗan yi nisa kuma tana karɓar mutanen ƙasashe irin namu, akwai Science for Africa Foundation a Nairobi, akwai NIH, hukumar binciken lafiya ta Amurka, da cibiyarta ta Fogarty mai tallafin K43 na masu tasowa, sai dai tun 2025 sun sauya tsarin tura kuɗi ƙasashen waje, don haka sanarwar bana za ka karanta ba wadda wani ya ajiye a waya shekara uku ba. Kar kuma ka manta da ƙungiyoyin iyayen marasa lafiya, kusan kowace cuta tana da tata a Turai ko Amurka, kuɗinsu ƙanana ne amma masu nema ba su da yawa kuma suna amsa imel.

In ka samu sanarwa fara karanta wa ya cancanta kafin komai, kar ka ɓata wata biyu sannan ka gano sai mai PhD ko sai ɗan ƙasa kaza. Daga nan ka ruga ofishin bincike na makarantarku, don yawancin tallafi ba kai ake ba ba, cibiyarka ake ba, kuma sai wani babba ya danna maɓallin turawa. Na NIH sai makaranta tana da rajista a SAM.gov da Grants.gov da eRA Commons, abin da ke iya cin sati shida ko fiye. Ni dai na taɓa gama rubutu tsaf saura kwana biyu a rufe, ashe wanda zai sa hannu ya tafi Umara, haka na zauna ina kallon agogo har lokaci ya wuce. ORCID kuwa, lambar shaidar mai bincike a intanet, buɗe shi yau, minti biyar ne.

Rubutun kansa, shafin farko shi ne komai. A tsarin NIH shafi ɗaya tak ake ba ka na manufofi, sannan shafi 6 na bayanin aiki in ƙaramin tallafi R21 ne, 12 in babban tallafi R01 ne. Manufa biyu ko uku sun isa, kuma kar ka ɗaura ta biyu a wuyan ta farko ta yadda in ta farko ta faɗi duk aikin ya rushe. Za su ce maka marasa lafiyarka sun yi kaɗan, kai ka riga su faɗa, ka nuna yadda za ka rufe gurbin, ko da haɗa asibitoci irin na Malam Aminu Kano da Shika da na Sakkwato, ko da gwada yaro da uwa da uba tare, ko da sa abin da ka gano a GeneMatcher, shafin da ke haɗa masu bincike kan ƙwayar halitta ɗaya, ko wani a wata ƙasa na da iyali irin naka. Kuma ka zaɓi gwaji da hankali. A Duchenne ana farawa da CK, gwajin jini mai araha da ke nuna lalacewar tsoka, sannan MLPA, gwajin DNA da ke gano guntun da ya ɓace, tunda wajen kashi biyu bisa uku guntu ne ya ɓace daga cikin sassa 79 na ƙwayar, sai wanda ba a gano ba ake kai shi gwaji mai tsada. Mai dubawa in ya ga haka ya san ka san aikin kuma ba almubazzari ba ne.

Kasafi ka yi shi da gaskiya. Sa dizal ko sola na firiza, sa kuɗin motar iyayen da za su taso daga ƙauye, sa kuɗin aika samfur, sa mai fassara, ka kuma bar sarari don Naira ba ta zama wuri ɗaya, wanda ya yi kasafi kafin Yunin 2023 zai ba ka labari.

Wajen ɗa'a nan ne nake so ka daɗe. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba, in ka zo da sirinji kana cewa za a kai jinin yaro Turai dole a dube ka sau biyu, kuma suna da gaskiya. Nemi amincewar kwamitin ɗa'a na asibiti mai rajista da NHREC, kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, takardar yarda a rubuta ta da Hausa ta gaske, in da hali har da ajami, samfur kuma ba ya fita ƙasa sai da yarjejeniyar MTA da ta faɗi wa ke da shi da abin da za a yi da ragowar. Sai babbar tambayar da masu dubawa ke so su ga ka yi tunaninta, yaya za ka faɗa wa iyali sakamako? Duchenne ta wajen uwa yake bi, in ka furta haka gatsau a gaban miji da uwar miji kana iya kashe aure da bakinka, alhali wajen kashi ɗaya bisa uku ma sabon canji ne da ya faru a kan yaron, uwar ba ta ɗauke da komai. Ka rubuta wa zai zauna da su, a wane ɗaki, wa za a fara faɗa wa, da abin da za a ce game da 'yan'uwan yaron mata.

Abokin aiki na waje ka nema tun da wuri, ka tura masa shafi ɗaya ba ashirin ba, kuma a rubuta tun yanzu wa zai zama na farko a maƙala da ɗalibi nawa za a koya wa nazarin bayanan, in ba haka ba ka zama mai ɗibar jini kawai. In an ƙi ka, wanda galibi haka ake farawa, ka bar sharhin ya kwana biyu sannan ka karanta da biro, NIH ma tana ba ka damar sake turawa sau ɗaya da shafi guda na amsa musu. Shi dai ƙanen nawa ya buɗe rajistarsa, kuma da ya koma gidan ya zauna da kakar yaran sai ga shi ta tuno 'yan'uwan uwar maza biyu da suka rasu suna samari ba sa iya tafiya, wai a lokacin an ce iska ce.