Yadda za ka hana Excel juya maka rana da wata in ka buɗe fayil ɗin CSV

Jiya wani yaro mai rubuta wa maigidansa lissafin buhuna a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya shigo shagona da laptop ransa a ɓace, wai masarar da suka sayar ranar 3 ga Afrilu ta koma 4 ga Maris, Alhaji kuma har ya fara yi masa wani irin kallo. Na ce ƙanena kwantar da hankalinka, ba aljanu ba ne, kwamfutarka ce har yanzu take ganin tana Amurka.

Mu nan rana muke fara rubutawa sannan wata sannan shekara, su kuma can wata ne a gaba, kuma yawancin laptop na hannu da muke saya a Gombe da saitin can suke zuwa ba wanda ya damu ya canza. To in ka danna CSV (fayil ɗin lissafi ne na rubutu zalla, waƙafi ke raba bayanansa) sau biyu Excel ba ya tambayarka komai, 03/04/2024 sai ya ɗauka Maris ne, in ya zo kan 25/04/2024 kuma ya ga ai babu wata na 25 sai ya bar shi a matsayin rubutu kawai. Shi ya sa za ka ga wasu ranakun sun manne dama wasu hagu. Na hagun su ne bai gane ba, na daman kuwa su suka fi haɗari don suna kama da daidai alhali duk a juye suke, sai irin 05/05 da ko an juya ba ya canzawa.

Kada ka ɓata lokaci a Format Cells, riga kawai kake canza masa. Excel lamba yake ajiyewa a ƙasa, yana ƙirga kwanaki tun daga 1 ga Janairu 1900, misali 1 ga Janairu 2024 a wurinsa 45292 ce, in lambar ta riga ta shiga ba daidai ba duk kwalliyar da ka yi banza ce. Kuma in ka canza format ka yi sebin a kan fayil ɗin asali shikenan ka binne gaskiyar, don haka fara yin kwafi ka ajiye gefe.

Rufe shi, buɗe Excel fanko, je Data ka zaɓi From Text/CSV, kar ka yi saurin danna Load, danna Transform Data. In ka ga Changed Type a gefen dama goge shi tukuna. Sai ka danna dama a kan sunan layin kwanan watan, Change Type, Using Locale, ka sa Date, ƙasa kuma English na United Kingdom tunda su ma rana suke farawa da ita. Sai ka danna Close & Load.

Gwada da =ISNUMBER(A2), in kwanan watan na layin A ne, ka ja ƙasa, duk inda FALSE ya fito rubutu ne har yanzu.

Maganin dindindin yana Control Panel, Region, ka maida shi Najeriya ko Ingila. A Google Sheets kuma File, Settings, Locale, amma kafin ka shigo da fayil ɗin. Ni dai in ni zan tura wa wani fayil 2024-04-03 nake rubutawa, shekara a gaba da lambobinta huɗu cif, don in ka sa biyu Excel na iya ɗaukar shekarar a matsayin 19 da wani abu maimakon 20 da wani abu.

Yaron nan da muka gama sai ya ce in buga masa a takarda ya kai wa Alhaji, don shi ba ya yarda da abin da ke cikin sikirin.