Yadda na magance shaƙewar motata a hanyar Marwa

Motata ta riƙa shaƙewa tana fizga da zafin rana, musamman bayan an wuce Figil daga Garwa, a arewacin Kamaru. Bakanike ya buɗe tanki, ya ciro filta ta yi baƙi ƙirin da laka. Ya ce: "Alhaji, famfon mai a cikin tanki yake, fetur ne ke sanyaya shi. In mai ya yi ƙasa sosai, sai ya ɗau zafi."

Muka canza filta. Yanzu da allura ta sauko kwata nake shan mai, kuma da bakin tiyo ya katse da kansa, ba na bari a ƙara danna masa. In dole ta sa na sayi zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa a bakin hanya, sai an tace da ƙyalle mai tsabta. Fizgar ta daina.