Yadda za ki koya wa yaro bin kiɗa da jikinsa

Iyaye mata ku matso, abin nan a gida ake fara shi tun yaro yana goye, kina daka ko kina shara yana jin yadda jikinki ke sama da ƙasa. To ki ɗora daga nan, ki zaunar da shi a cinya ki saka kiɗa ki dinga ɗan ɗaga gwiwa daidai inda ganga take faɗuwa, a hankali fa dan Allah, jariri ba a jijjiga shi da ƙarfi.

A 2010 masu bincike a Turai sun gwada jarirai 120, daga ɗan wata 5 zuwa ɗan shekara 2, sai suka ga sun fi motsa jiki in kiɗa ake yi a kan in magana ake musu. Amma motsi daban, faɗawa kan kiɗa daban, wannan yawanci sai wajen shekara 4 zuwa 5 yake fara zama. Kar ki damu in ɗan shekara 2 yana ta tsalle shi gabas kiɗa yamma.

Inda muke kuskure shi ne mu miƙa masa waya mu wuce kicin. Yaro mutum yake bi, ya fi kama kiɗa in yana kallon hannunki. Ki kifa roba ko kwarya, ki ba shi ludayi ke ma ki ɗau naki, ki bar shi ya fara bugawa ke ki bi saurinsa, dan yara sun fi manya sauri, in kin ja abin a hankali sai ya ɓace musu. In kun daidaita sai ki ɗan rage ki ga ko zai biyo ki. Tafi da farko, sannan taka ƙafa, juyi da girgiza kafaɗa sai daga baya. Minti biyar ya isa, in ya gudu ki kyale shi.

Ni dai a ganina ba abin da ya kai gaɗa, ki leƙa layi a Tudun Wada ko Rigasa a Kaduna da yamma ki ga yadda ƙanana ke tsayawa bayan yayyensu suna kwaikwayon tafi, in akwai a layinku ki bar 'yarki ta fita kina kallonta daga ƙofa. In kuma biki kuka je, ki janye su daga bakin sifikar DJ, ƙarar nan tana lalata kunne.