Fayil ɗinka bai lalace ba, an aurar da shi inda bai dace ba ne

Shagona na buga takardu yana kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram. Wata Alhamis da hantsi wata ɗaliba daga Jami'ar André Salifou ta shigo rungume da kwamfutarta, idanu jawur. "Yaya, kundin kammala karatuna ya lalace." In ta danna shi sau biyu, sai manhajar kallon bidiyo ta fito ta ce ba ta gane shi ba. Wani mai gyara har ya ce mata sai an goge komai an sake zuba Windows, jaka biyar. Na ce, "Ƙanwata, zauna ki sha ruwa, kundinki lafiyarsa lau."

Windows ba ta leƙa cikin fayil ta ga abin da ke ciki. Wutsiyar sunansa kawai take kallo, wato haruffa uku ko huɗun nan da ke bayan ɗigo: .docx na Word, .jpg na hoto, .mp4 na bidiyo, .pdf kuwa kowa ya san shi. Kowace wutsiya tana da manhajar da aka haɗa ta da ita. Wata rana ka zuba sabuwar manhaja ta ƙwace haɗin ba ka sani ba, ko yaro ya danna "Toujours", wato "kullum", a wurin da bai kamata ba, shi ke nan.

Matsalar ita ce Windows tana ɓoye wutsiyar, don haka fara da fito da ita. Buɗe kowace jaka ta fayiloli. A Windows 10 danna "Affichage", ka sa alama a "Extensions de noms de fichiers". A Windows 11 abin yana ƙarƙashin "Afficher". Na rubuta su da Faransanci don galibin kwamfutocin da ake kawo mini haka suke.

Sai ka danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi "Ouvrir avec", sannan "Choisir une autre application". Nan ne mutane ke garaje. Su zaɓi Word, fayil ya buɗe, su yi murna, gobe abu ya dawo. Dole sai ka sa alama a "Toujours utiliser cette application", ko a Windows 11 ka danna "Toujours". In Word ba ta cikin jerin, to wataƙila babu ita a kwamfutar. LibreOffice kyauta ce, kuma tana buɗe .docx.

In wutsiyoyi da yawa ne suka rikice, danna maɓallin Windows tare da harafin I, ka shiga "Applications", sannan "Applications par défaut". A Windows 11 rubuta .pdf a akwatin nema na sama ka canza. Akwai "Réinitialiser" can, amma ni ba na son taɓa shi sai dole, don yana mayar da komai ga zaɓin Microsoft, PDF ya koma buɗewa a Edge, ka sake zaɓe daga farko.

Abin da nake roƙo a bari shi ne canza wutsiya da hannu. Wani dattijo daga Birni ya taɓa goge .jpg ya rubuta .pdf, don an ce masa PDF ake so a ofis. Hoto yana nan hotonsa, riga kawai aka canza masa, kuma ya ƙi buɗewa. Muka mayar da .jpg, muka bi ta "Imprimer" muka zaɓi "Microsoft Print to PDF".

Fito da wutsiya yana da wani amfanin kuma. Kilen USB da ke yawo daga shago zuwa shago sukan zo da abu mai suna kamar "attestation.pdf.exe". Wutsiyar ƙarshe ce ta gaskiya, .exe kuwa manhaja ce, ba takarda ba. Kada ka buɗe shi, ko wa ya ba ka.

Aikin ɗalibar bai kai minti biyu ba. Ban karɓi ko dala ba, sai dai shafi 74 ɗin nan a shagona ta buga su, kwafi uku.