Darasi na 7: Idan Tsohon Babur Yana Fitar da Giya

Kana cikin tafiya a giya ta biyu, ka murɗa totur, sai inji ya ɗauki kuka, babur kuma ya daina ja. Giya ta fita da kanta, ta koma firi. In haka ta faru a kan gangare ko a tsakiyar motoci, rai ne a cikin haɗari. Amma kada ka yi gaggawar farke inji. Sau da yawa ciwon yana waje.

Bari mu fara sanin abin da ke riƙe giya. Haƙoran giyoyin babur kullum a haɗe suke, ko ana tafiya ko an tsaya. Abin da ke kulle giya wasu 'yan ƙusoshi ne masu kauri a gefen faifan giya, suna shiga ramukan faifan da ke kusa da shi. Wani ƙarfe mai yatsu biyu, kamar cokali, shi ke tura faifan. Cokalin kuwa wata ganga mai tsagi ce ke jan sa duk lokacin da ka taka sandar giya. A tsofaffin baburan Ingila irin su Triumph da Norton, faranti ne a madadin gangar. Sai wani ɗan sifirin da ke danne gangar, don ta tsaya inda aka sa ta.

Yanzu ka tambayi kanka: wace giya ce ke fita, kuma yaushe?

In duk giyoyin suna yi, yau wannan gobe waccan, duba waje tukuna. Ko sandar giya ta yi sako-sako a kan ƙarfen da take ɗaure a kai? Ko ta lanƙwashe tana taɓa jikin inji kafin ta kai ƙarshe? Ja kulochi ka gani ko yana saki sarai, domin kulochin da ba ya saki yakan sa giya ta shiga rabi-rabi. Dubi cen ma, in ya saki da yawa yana fizgar giya. In duk waɗannan lafiya suke, zargi ya koma kan ɗan sifirin nan. Shekaru suna kashe masa ƙarfi. A babura da yawa ana kai masa ba tare da an raba inji biyu ba.

In kuwa giya ɗaya ce tak, kuma sai an ba ta wuta take fita, to ƙusoshin nan ne suka side. Sabuwar ƙusa bakinta a tsaye yake, tana kama rami gam. Wadda ta sha duka bakinta ya zama kamar tsakuwar rafi, da zarar ƙarfi ya zo sai ta zame. Giya ta biyu ce ta fi shan wannan wahala, don daga ta ɗaya sai an tsallake firi kafin a kai gare ta, kuma masu tuƙi da yawa ba sa ɗaga sandar har ƙarshe. Duk fita ɗaya tana ƙara cin bakin ƙusar, shi ya sa abin kullum gaba yake yi.

Ina roƙon ka, kada ka riƙa danne sandar da ƙafa don giya ta zauna. Cokalin kake ƙonawa.

Kafin a buɗe, juye man a kwano mai tsabta, ka kai shi rana, ka zagaya maganaɗisu a ciki. Ɗan ƙyalli kamar ƙura ba abin tsoro ba ne a tsohon inji. Ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji, wannan shaida ce.

In an buɗe, dubi yatsun cokali. In sun yi shuɗi ko sun side ta gefe ɗaya, ya lanƙwashe. Bi tsagin ganga da farce, ka ji ko ya cinye. Girgiza sandunan da giyoyin ke kai, ko boris ya yi wasa. Faifan da ya side kuwa a canza shi tare da abokin kamunsa, don tsohon rami zai cinye sabuwar ƙusa.

Aiki: rubuta abubuwa uku da za ka duba kafin ka kwance noti ko ɗaya a jikin inji.