Yadda Ake Gane Kasko da Tukunyar Ƙarfen Zubi

Uwargida, da yawan tukwanen da ake sayarwa da sunan ƙarfe a kasuwannin Jos, daga Terminus har Katako, ba baƙin ƙarfe ba ne. Alminiyam ne da maƙera suka narka suka zuba, wato tukunyar dalma. Tana da nata amfanin, amma ba ta riƙe zafi kamar ƙarfen zubi, kuma bai kamata ki biya kuɗin wannan ki koma gida da waccan ba.

Ki tafi kasuwa da ɗan mayen ƙarfe, ko da irin na jikin firiji ne. In kin kanga shi ya faɗi, alminiyam ne, magana ta ƙare. In ya kama, da sauran bincike, domin yana kama farantin ƙarfe ma, irin wanda ake bugawa a yi kaskon tuyar ƙosai.

A nan nauyi da kauri ke raba gardama. Ƙarfen zubi ya ninka alminiyam nauyi fiye da sau biyu da rabi, shi ya sa kaskon da faɗinsa ya kai santimita 26 yakan wuce kilo 2, har sai kin tallafa da ɗaya hannun. Kaurin jikinsa wajen milimita 3 zuwa 5 ne. Duba mariƙi da kyau: a kaskon zubi tare ake zuba shi da jiki, babu ƙusa, babu walda. Ki shafa cikinsa, za ki ji ɗan kaushi, sawun yashin da aka zuba narkakken ƙarfen a ciki. Haka ake gwada tandar masa ma. Akwai kuma masu rufin tangaran mai launi, irin na Le Creuset da ake yi a Faransa. Su ma mayen ƙarfe yana kama su, kuma ba sa buƙatar gashin mai, wato shafa mai a gasa don ya zama rufi mai santsi.

In na gwanjo ne, kada jan tsatsa ya kore ki. Tsatsar sama tana fita da soson ƙarfe. Abin gudu shi ne ramuka masu zurfi da kuma tsaga. Wannan ƙarfe ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi in ya faɗi. Ki riƙe shi a mariƙi ki ƙwanƙwasa da cokali: mai lafiya yana amo mai ɗan tsawo, mai tsaga kuwa sai ki ji ƙarar ta mutu nan take. Sannan ki ɗora shi a kan shafaffen tebur. In yana rawa, gindin ya karkace, mai zai riƙa taruwa gefe guda. Baƙin da ke ɓarewa in kin kankara da farce, ko yake warin fenti, yana iya zama fenti ne aka shafa don ɓoye tsatsa. A bar shi. Wanda kuma ake zargin an taɓa narka dalmar batir a cikinsa, ko kyauta aka ba ki kada ya shiga kicin.

Da kin kawo shi gida, ki wanke, ki ɗora a wuta har ya bushe ƙayau. Ki shafa man gyaɗa kamar ƙaramin cokali ɗaya ciki da waje, ki goge da tsumma har ya zama kamar ba a shafa ba, ki gasa shi awa ɗaya a oben a zafin digiri 220, ko a kan garwashi har hayaƙi ya tsaya. Ki maimaita sau 3. In man ya yi yawa, danƙo zai yi maimakon santsi.

Miyar tumatir mai daɗewa a wuta, zoɓo da ruwan tsamiya suna cinye wannan rufin na gasasshen mai, don haka ki fara da soye-soye. Kada a zuba ruwan sanyi a kasko mai zafi, yana iya tsagewa. Da damina kuma, da yake danshin Jos ba ya wasa, kada ki bar shi ya kwana a jiƙe. Ki busar a wuta, ki ɗan shafa mai, ki ajiye murfin daban.